Koku Ɗaya, Buhu Uku

Aikina ƙirga buhu ne. Tun ƙarfe 8 na safe ina bakin sito da littafi da biro. Mota ta zo a sauke, in ƙirga. Mai saye ya zo a loda, in ƙirga. Da yamma in haɗa lissafi in miƙa wa Alhaji. Shekara 11 ke nan ina wannan aiki a wani siton shinkafa a Kano. Na fara da wannan bayani ne don a gane dalilin da ya sa a cikin wasan kwamfuta na yaƙin samurai, wato mayaƙan Japan na da, wanda samari ke rububinsa saboda takubba da ninja, ni abin da ya riƙe ni wata 'yar lamba ce a kusurwar allo mai nuna yawan abincin da ya rage.

Sunan wasan Total War: Shogun 2. Kamfanin Creative Assembly na Ingila ne ya ƙera shi, Sega ta fitar da shi a 2011. Ƙanena ne ya shigo da shi gidanmu. A ƙarshen Afrilun 2020, lokacin kullen korona, aka ba da shi kyauta na 'yan kwanaki a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, yaron nan ya yi dare da dare yana sauke shi da datar tsakar dare har ya kammala. Ya buga ya ƙoshi, daga baya ya sami sabuwar kwamfuta ya bar mini tsohuwar. Ta daɗe a durowa kafin wani dare bayan sallar isha'i in buɗe ta, in danna hoton wani mutum mai hular ƙarfe da ƙaho.

Wasan yana farawa ne a shekarar 1545. Japan a wargaje take a lokacin. Akwai sarki a Kyoto, amma darajarsa ce kawai ta rage, ba shi da runduna. Akwai shogun na gidan Ashikaga, wanda a ƙa'ida shi ne shugaban mayaƙan ƙasar duka, amma tun yaƙin Onin da aka yi daga 1467 zuwa 1477, wanda ya ƙone yawancin Kyoto, maganarsa ba ta wuce bakin ƙofarsa. Kowane lardi da ubangidansa, suna ce masa daimyo, kowa yana hararar gonar maƙwabcinsa. Wannan zamani shi ne Sengoku. Kai mai wasa za ka zaɓi gida ɗaya ka riƙe. Shekara kashi huɗu ce: lokacin furanni, lokacin zafi, kaka, da hunturu, kowane zagaye na wasa kashi ɗaya ne. A dogon zango, wato doguwar tafiyar wasan daga farko har ƙarshe, ana son ka mallaki larduna 40, har da Kyoto, kafin 1600. Rabin wasan a kan taswira ake yinsa, gini da haraji da aure da sulhu. Ɗaya rabin kuma a fagen fama, inda kake jan runduna da linzamin kwamfuta kana ganin kowane soja da idonka.

Na kira ƙanena na tambaye shi gidan da zan ɗauka. Ya ce, "Yaya, ɗauki Shimazu. Suna can ƙarshen ƙasa a Satsuma, bayansu teku ne, ba mai zuwa maka ta baya. Kuma masu takobinsu sun fi na kowa." Na ɗauka. Taswira ta buɗe, sai na ga lardina ɗaya tal a kudancin tsibirin Kyushu, kore shar, sauran ƙasar kuwa zane ce a kan tsohuwar takarda. Duk inda ɗan aikenka ko jirginka ya taka, takardar sai ta narke ta zama ƙasa mai duwatsu da koguna. Har yau wannan abu yana burge ni.

Da na duba baitulmali, sai na ga ba a rubuta zinariya ko azurfa ba, an rubuta koku. Na ɗauka sunan kuɗinsu ne kamar yadda muke cewa naira. Washegari a wurin aiki, lokacin da ciniki ya lafa, na bincika a waya. Ashe koku ma'aunin shinkafa ne. Kusan lita 180, wajen kilo 150, abin da aka ƙiyasta mutum ɗaya zai ci a shekara. Na ɗaga kai na kalli jerin buhunan da ke gabana, masu kilo 50-50. Buhu uku ke nan. Da shi ake auna arziƙin lardi, da shi ake yanka wa samurai albashi, har girman jirgin ruwa da shi ake faɗa. A zamanin Tokugawa da ya biyo baya, ba a kiran mutum daimyo sai ƙasarsa ta kai koku 10,000, gidan Maeda na Kaga kuwa ya haura miliyan ɗaya. Na buga a kalkuleta, buhu miliyan 3. Na daɗe ina kallon lambar. Ƙasa guda ce da sarakunanta suke faɗin girmansu da harshen da nake magana da shi kullum.

Duk da haka, zangona na farko yunwa ce ta kashe shi.

Na fara da ƙafar dama. Gidan Ito ne abokan gabar Shimazu tun daga zagayen farko, na murƙushe su na karɓe Osumi da Hyuga. Na haura Higo na ci gidan Sagara, na sami dawakai. Daga nan sai zumuɗi ya ɗebe ni. Kowane gari na ci sai in ɗaukaka ganuwarsa, saboda babban birni ne ke ba ka filin gina wurin horar da samurai. Na faɗaɗa kasuwanni saboda kuɗi. Gonaki kuwa na bar su yadda na same su, don gyaransu yana da tsada kuma ba ya ba ka soja ko ɗaya da za ka gani. Abin da ban lura ba shi ne, a wasan nan kowace ganuwa da ka ƙara wa girma ci take yi, babbar kasuwa ma ci take yi, kuma abincin duk lardunanka rumbu ɗaya ne. Ina bakin iyakar Bungo da runduna cikakkiya sai 'yar lambar nan ta faɗa ƙasa da sifili ta yi ja. Zagaye biyu bayan haka, garuruwana duka suka ɗauki fushi a lokaci guda. 'Yan tawaye suka fito a Osumi, suka fito a Higo. Na juyo da runduna don in kashe wutar gida, gidan Shoni suka ga baya ta buɗe suka afka. Kafin shekara biyu na koma lardi ɗaya kamar yadda na fara, ba kuɗi, ba abinci.

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har na kwana biyu ban buɗe kwamfutar ba. Kuskure ne da ba zan taɓa yi a bakin sito ba. Ba na barin a yi alkawarin kayan da babu su a ƙasa. Amma da aka ba ni tuta da ganga, sai na manta da rumbu.

A cikin kwanakin nan ne na ci karo da labarin Tottori, kuma tun daga ranar ban sake kallon wasan da ido ɗaya ba. A 1581 Oda Nobunaga, daimyo mafi ƙarfi a lokacin, ya tura babban kwamandansa Hideyoshi ya ci birnin Tottori da ke lardin Inaba, wanda ke hannun mutanen gidan Mori. Birnin a kan dutse yake, hawansa asarar rayuka ce. An ruwaito cewa tun kafin ya iso, Hideyoshi ya tura 'yan kasuwa suka bi lardin suna sayen shinkafa a farashin da ya ninka na kasuwa. Mutane suka ga riba suka buɗe rumbuna, har na cikin birnin suka sayar da wani abu daga ajiyarsu. Sannan ya zo ya kewaye su, ya tare hanyar ruwa da ta tudu, ya zauna. Watanni suka shuɗe, aka cinye dawakai, aka cinye ciyawa, aka kai inda ba na son in rubuta. A ƙarshe shugaban masu tsaron, Kikkawa Tsuneie, ya ba da ransa da sharaɗin a bar mutanensa su fita. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar hatsi ya san irin ranar nan da baƙin masu saye za su shigo suna ba da farashin da ya wuce hankali, kowa yana murna yana fitar da kaya. Ni na ga irinta da idona. Abin da ya girgiza ni shi ne ganin an mai da wannan ranar makami, an ci birni da ita tun kafin a harba kibiya.

Na sake farawa da Shimazu. Wannan karon gona ce farko. Na buɗe shafi a bayan wani tsohon littafin aiki na ja layi uku: lardi, abin da yake nomawa, abin da yake ci. Ba na ɗaukaka ganuwa sai na tabbata akwai rarar da za ta ɗauke ta. Garuruwa biyu kawai na ware don horar da mayaƙa, Satsuma ɗaya daga ciki saboda tana da maƙera, sauran na bar su ƙanana suna noma suna biyan haraji. Na tura jiragen fatauci suka kama wuraren ciniki da ke tekun yamma, inda ake samun alharini da turare da auduga. A cikin ilmomin da wasan ke ba ka zaɓin koyo, akwai reshen yaƙi akwai na mulki da noma, na ba na biyun shekaru. Tafiyar ta yi nauyi, ƙanena da ya leƙo ya ce, "Yaya, a wannan shekarar ni na riga na gama da Kyushu." Na ce masa na sani.

Wani abin da na karanta daga baya ya ƙara mini son gidan nan. Ƙasar Satsuma ta gaskiya toka ce ta aman wuta, dutsen Sakurajima yana tsaye a gaban Kagoshima yana hayaƙi har gobe, kuma irin wannan ƙasa ba ta riƙe ruwa, shinkafa ba ta jin daɗinta. Dankali ne ya zo daga baya ya rufa musu asiri, shi ya sa har yau Japanawa ke kiran dankalin Hausa da sunan Satsuma. Mutane ne da suka san ƙarancin abinci tun asali.

Rundunata ma ta canza. Na rage samurai, don kowane rukuninsu yana cin kuɗin da zai riƙe rukuni biyu na ashigaru. Ashigaru su ne dakarun talakawa, manoma da aka miƙa wa dogon mashi ko baka, da hula mai faɗi kamar malafa da 'yar tuta a ɗaure a baya. Ba su da juriya, da zarar sun ga an kewaye su ko shugabansu ya faɗi sai su watse. Amma suna da wata tsayuwa da suke yi, su jeru kafaɗa da kafaɗa su miƙe masu gaba kamar shingen ƙaya, kuma muddin ba a zagayo ta gefensu ba, doki ba ya shiga, mai takobi ma sai ya sha wuya.

Da su na yi yaƙin da ba zan manta ba. Na karanta cewa Shimazu na tarihi suna da wata dabara da suka shahara da ita, suna ce mata tsuri-nobuse. Za a tura 'yan kaɗan su tsokano abokan gaba, su yi faɗa na gaske, sannan su juya kamar an kore su. Masu bin su sai su bar sahu su biyo da gudu, har su shigo tsakanin mayaƙan da ke kwance a ɓoye dama da hagu. Da irin wannan suka karya babbar rundunar Otomo a Mimigawa a 1578. Na ƙudura sai na gwada, kuma a kan Otomo ɗin.

Filin yana da kurmi biyu da fili a tsakaninsu kamar zaure. A wasan, rukunin da ya tsaya cik a cikin itatuwa ba a ganinsa sai an zo dab. Na kwantar da masu takobi a kurmin dama, 'yan baka da mahaya a na hagu. A tsakiya na tsayar da rukuni ɗaya na ashigaru masu mashi, mutum 150, su kaɗai a fili, shugaban yaƙi yana can nesa a bayansu. Otomo suka taho, tutocinsu sun cika allo. 'Yan bindigarsu suka fara buɗe wuta, hayaƙi ya tashi fari. Na matso da kallo har ina ganin fuskokin mutanena. Na gaba ya faɗi, na bayansa ya matso ya cike gurbin. Wani hularsa ta karkace, yana riƙe da mashi da hannu biyu. Lambar da ke kan katinsu tana sauka, 131, 118, 102. Tutarsu ta fara ƙyaftawa, alamar zuciyarsu na rawa. A nan dabarar take da wuya: in ka janye su da wuri, abokan gaba ba za su biyo ba, in ka makara kuma gudun ƙarya ya zama na gaske, ba za su sake jin umarninka ba. Hannuna yana gumi a kan linzami. Da suka kai 90 na ce su juya. Suka juya da gudu, mahayan Otomo da masu takobinsu suka ɓalle daga sahu suka biyo su cikin zauren nan. Na bari sai da na ƙarshensu ya wuce bakin kurmi, sannan na saki dama da hagu gaba ɗaya. Ashigaru ɗin nan, da suka iso wurin shugaban yaƙi, na sake juyo da su suka kafa shingensu suka toshe bakin zauren. Cikin minti biyu rundunar da ta ninka tawa ta watse.

Mutum 41 suka rage a rukunin. Wasan ba ya ba su suna, shugabannin yaƙi kaɗai ke da suna da mata da 'ya'ya. Amma na mai da su gida suka huta har adadinsu ya cika, kuma tun daga ranar ban taɓa sallamar su ba, ko lokacin da kuɗi ya yi ƙaranci. Akwai wata murya a wasan da ke ihu duk sa'ad da sojojinka suka gudu, tana cewa abin kunya ne. Ina jin zafin muryar nan idan a kan ashigaru take magana. Mutumin da aka ɗauko daga gonarsa, shi ya noma koku ɗin da ake biyan samurai da shi, sannan shi ake sa wa a gaba ya sha harsashin farko. In ya gudu, ni ban ga kunya a wurinsa ba.

Da na ci Bungo na gaji tashar jiragen Turawa da Otomo suka gina. Nan ma wasan yana tafiya da tarihi. A 1543 'yan Fotugal suka sauka a tsibirin Tanegashima, kudu da Satsuma kaɗan, da bindigogi irin na toka, kuma cikin 'yan shekaru maƙeran Japan suka koyi ƙera su. A 1549 Francis Xavier ya sauka a Kagoshima ya gana da Shimazu Takahisa, wato mutumin da nake riƙe da shi a wasan. Shugaban Otomo, Sorin, ya karɓi Kiristanci a 1578. A wasan tashar tana kawo kuɗi da bindiga, tana kuma yaɗa sabon addini a lardin, in addinin talakawa ya saɓa da na ubangidansu kuwa sai rigima. Na bar tashar saboda cinikinta, na gina wurin ibadar Buda a kusa, na zaunar da limaminsu ɗaya a garin. Bindigogin ban cika dogara da su a fili ba, ɗura albarushinsu yana da jinkiri. A kan ganuwa ne suke da amfani.

Na gama da Kyushu, na ƙulla ƙawance da gidan Mori, masu ƙarfin jiragen ruwa a Aki, har na aurar musu da 'yar gidanmu. Shekaru muna ciniki, na taimake su a kan Amako sau biyu. Na tsallaka babban tsibiri na karɓi Nagato da Suo daga hannun Ouchi, na leƙa Shikoku. Akwai wani ma'auni a wasan da ke nuna yadda sunanka ke girma a idon shogun, kowane lardi ka ci sai ya ƙaru. Ina ganinsa yana cika, na ɗauka yabo ne.

Ranar da ya cika, saƙo ya fito: shogun ya ayyana ni maƙiyin ƙasa. Ƙanena ya ce masu wasan suna kiran abin Realm Divide, ni kuwa ina ce masa ranar juya baya. Gidajen da ban taɓa haɗuwa da su ba suka shelanta yaƙi a kaina. Abokan cinikina suka fara yanke hulɗa ɗaya bayan ɗaya, kuɗin shiga ya zube, alharini da turare suka rasa mai saye. Mori suka daure zagaye biyar ko shida. Kowane zagaye ina buɗe shafin diflomasiyya ina ganin ƙaunarsu tana raguwa, na aika kyautar kuɗi, ta ɗan tsaya, ta ci gaba da sauka. Ran nan sai ga jiragensu a bakin tashata.

Mun yi gardama da ƙanena a kan wannan. Shi yana ganin zalunci ne kawai masu wasan suka saka don kada ƙarshensa ya yi sauƙi. Ni ina ganin yana da rabin gaskiya. Surukin da kuka yi shekara 20 tare, 'yarka tana ɗakinsa, bai kamata lissafi ɗaya ya shafe shi kamar wanda ba ku taɓa gaisawa ba, a nan wasan ya yi gaggawa. Amma tushen abin ba ƙirƙira ba ne. Nobunaga ne ya shiga Kyoto a 1568 ya ɗora Ashikaga Yoshiaki a kujerar shogun. Da Yoshiaki ya ga wanda ya ɗora shi ya fi ƙarfinsa, sai ya shiga aika wasiƙu a ɓoye ga manyan gidaje, aka haɗa Takeda da Asakura da Azai da mayaƙan haikalin Ishiyama Hongan-ji aka yi wa Nobunaga zobe. Azai Nagamasa kuwa mijin ƙanwar Nobunaga ne, Oichi, kuma hakan bai hana shi juya masa baya a 1570 ba. Sai a 1573 Nobunaga ya kori Yoshiaki daga Kyoto. Da na karanta labarin Azai, na rage jin haushin Mori.

Abin da ya cece ni littafin nan ne mai layi uku. Ina da rarar abinci, don haka ko da kuɗi ya ja baya garuruwana ba su tashi ba. Ina da ajiya a baitulmali da ta riƙe ni shekara uku ina cin asara. Na zaunar da metsuke, wato jami'an sa ido, a garuruwan da suka fi arziƙi, haraji ya ɗan ɗaga, suka kuma kama mini ninja biyu. Na janye daga Shikoku da Suo ba tare da faɗa ba, na tattara komai a Nagato, na jera jirage a mashigin ruwan da ke tsakaninta da Buzen, domin nan ne runduna ke iya tsallakawa zuwa Kyushu, in akwai jirginka a wurin kuwa hanya ta rufe.

Sau huɗu aka kawo wa Nagato hari. A birnin Japan na wasan nan ba a buƙatar tsani, ganuwar a kishingiɗe take, soja yana hawa da hannu da ƙafa, wasu su zame su faɗo. Hawa-hawa ce kuma, in an ci ta ƙasa sai ka ja da baya zuwa ta sama. A hari na uku, cikin dusar ƙanƙara, runduna biyu suka zo tare. Wuta ta ɗauke a unguwarmu ana tsakiyar yaƙin, ɗakin ya yi duhu sai hasken allo, batirin tsohuwar kwamfutar kuma ba ya wuce minti 20. Kibau suka ƙare wa 'yan bakana. Masu takobin Mori suka hau ta kusurwar gabas inda na bar rukuni ɗaya kacal. Ba ni da wanda zan tura sai magajin gidan, babban ɗan daimyo, wanda na yi renonsa tun yana yaro a shafin iyali, na zaɓa masa mata, na bi shi yaƙi bayan yaƙi har ya zama shugaban da ya fi kowa a rundunata. Na sauke shi daga doki shi da masu tsaronsa na tura su kusurwar. Suka riƙe ta har ashigaru suka zagayo. Birnin bai faɗi ba. Shi kuwa ban ga lokacin da ya faɗi ba, ina can ina duba ƙofar yamma, sai sanarwa kawai na ji.

Maiɗakina ta shigo da fitilar waya ta same ni zaune shiru. Ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya lau, wani na rasa a wasan. Ta ajiye mini ruwa ta ce dare ya yi. Ina da damar komawa ajiyar baya in sake yaƙin, kwamfutar tana ajiye wasa kafin kowane zagaye. Na duba sunan ajiyar na ɗan lokaci, ban taɓa ta ba, na adana inda nake kafin batirin ya mutu.

Akwai abin da wasan bai nuna ba wanda na so a ce ya nuna. Shimazu na gaskiya sun kusa cinye Kyushu duka, sai Hideyoshi, wanda ya gaji ikon Nobunaga bayan mutuwar Nobunaga a haikalin Honno-ji a 1582, ya sauko musu a 1587 da rundunar da ta kai wajen mutum 200,000. Shimazu Yoshihisa ya aske kansa ya yi mubaya'a. Hideyoshi ɗan talaka ne, ba shi da asalin sarauta, kuma abin da ya yi da ƙasar bayan ya haɗe ta shi ne ya aika ma'auna. Gona-gona aka bi ana aunawa da igiya da sanda, ana rubuta darajar ƙasar da koku nawa za ta bayar da sunan mai nomanta. A 1594 aikin ya iso ƙasar Shimazu a ƙarƙashin Ishida Mitsunari. Kafin nan kowane yanki da irin akwatin awonsa, wani babba wani ƙarami, sai ya tsayar da na Kyoto ya ce da shi kowa zai auna. Wanda bai taɓa tsayawa tsakanin mai kawo kaya daga ƙauye da mai saye a birni suna musu a kan mudun wa za a yi amfani da shi ba, ba zai gane girman wannan ba. Ba na cewa alheri ne zalla. Awon nan don haraji aka yi shi, kuma Hideyoshi ɗin ne a 1588 ya sa aka ƙwace makamai daga hannun manoma, ƙofar da shi kansa ya bi ya hau ya rufe ta a bayansa. Amma ni a wurina ranar da aka daidaita mudu ta fi ranar Sekigahara nauyi, wato babban yaƙin da ya ba gidan Tokugawa ƙasar.

Yanzu zangon nawa yana hunturun 1579. Na karya Mori, na bar musu lardi ɗaya suka yi mini caffa, 'yarmu tana nan da rai. Na bi gaɓar arewa ta Iwami da Izumo, da na iso Inaba na tsaya na daɗe ina kallon birnin, sannan na shiga ba tare da na bari a washe shi ba. Ina da larduna 31. Ƙaramin ɗan daimyo ne ke jan babbar runduna yanzu, bai kai yayansa ba tukuna. Suna Settsu, Kyoto tana gabansu tafiyar zagaye ɗaya, kuma in na ci ta sai na riƙe ta shekara guda cur kafin a kira ni shogun. Rarar abinci 7 ce. Rukunin nan na ashigaru yana cikin rundunar, a gefen dama. Ba zan motsa su cikin sanyi ba, domin rundunar da hunturu ya riska a ƙasar abokan gaba mutane take zubarwa tun kafin a yi faɗa, zan jira furanni su fito.

Daren yau ma ba zan buɗe ba. Alhaji ya kira ɗazu ya ce tirela za ta iso da asuba, buhu 600, in kasance a bakin sito kafin 'yan dako. Na rubuta a littafi, a gefe kuma da ƙaramin rubutu na sa koku 200.